YAƘI DA SANƘARAU: YADDA AKA SAMO ALLURAR RIGAKAFI DAGA RIGAR ƘWAYAR CUTAR

Duk wanda ya zauna a ƙasar Gwaram ko ta Birnin Kudu ya san akwai wani lokaci na shekara da hankalin iyaye ba ya kwanciya. Sa'ad da hunturu ya fara ja da baya, ƙura ta turnuƙe, rijiyoyi suka yi ƙasa, zafin bazara ya kunno kai, to, in yaro ya kwana da zazzaɓi ya tashi yana kukan ciwon kai, abin da uwarsa za ta fara yi shi ne ta tallafi ƙeyarsa ta ga ko wuyan yana lanƙwasuwa. Daga Maruta har cikin garin Birnin Kudu babu wanda sai an gaya masa sunan abin da take tsoro. Sanƙarau ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, ko da yake ni ba likita ba ne, shi ne abin da nakan tarar wajen zagayen makarantu. Sau da yawa nakan ga yaro a bayan aji, an yi masa shaidar daƙiƙanci, ana kiran sunansa ba ya amsawa. In aka bincika sai a tarar yaron nan lafiyar hankalinsa ƙalau, jinsa ne ya tafi tun shekarar da ya yi sanƙarau. Saboda haka na ga ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin ƙananan hukumomi, waɗanda jama'a ke tambaya in abu ya shige musu duhu, su san yadda aka yi aka samo allurar rigakafin wannan ciwo, da abin da ke cikinta, da abin da ya rage a wuyanmu.

MENE NE SANƘARAU?

Ƙwaƙwalwar mutum da lakarsa suna lulluɓe da wani tantani mai laushi. Kumburin wannan tantani shi ne sanƙarau. Ƙwayoyin cuta iri dabam-dabam suna iya kawo shi, amma mai kawo annoba a ƙasarmu wata ƙwaya ce guda, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mai suna Anton Weichselbaum, shi ya fara gano ta a 1887.

Mazauninta maƙogwaron ɗan Adam ne, ba ta zama a jikin dabba ko a ruwa. Wajen mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ya sani ba, yana harkokinsa lafiya lau, amma yana rarraba ta ta hanyar tari da atishawa da kusantar numfashi. Jefi-jefi sai ta keta ta shiga jinin wani, ta kai ga tantanin nan. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, da ruɗewa. Jariri kuwa maɗigarsa takan kumbura, ya ƙi nono. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, wajen rabin waɗanda suka kamu sukan rasu. Ko an yi magani, wajen ɗaya cikin goma yakan tafi. Cikin waɗanda suka tashi kuma, wajen ɗaya cikin biyar yakan saura da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta.

Mutanenmu sukan ce zafi ke kawo sanƙarau. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙura su ke raunana fatar hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar ƙofa, cunkoson kwana a ɗaki marar taga kuma ya sauƙaƙa mata ƙaura daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa annoba kan tashi da rani, ta yi ƙamari a watannin Maris da Afrilu, ta kwanta da zarar damina ta sauka. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da wannan abu ke faruwa a cikinsu. Yanki ne da ya miƙe daga Sanagal har Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa.

ABIN DA YA WUCE

Tun 1905 likitocin Turawa suka rubuta labarin annobar sanƙarau a Nijeriya ta Arewa. Dattawanmu suna tuna ta 1949 zuwa 1950, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashin En'e ta Kano, aka riƙa kafa bukkoki a bayan gari ana keɓe marasa lafiya, malaman asibiti suna raba ƙwayar M&B. A zamanin nan akwai lamba ta rigakafin agana, amma ta sanƙarau babu.

Wadda ta fi kowace muni a zamaninmu ita ce ta 1996, Jihar Jigawa tana da shekara biyar ba cikakku ba. A wannan shekara an ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. A ƙasashen yankin duka, tsakanin 1996 da 1997, fiye da mutum 250,000 suka kamu, fiye da 25,000 suka rasu. Ni a lokacin ina ɗalibi a makarantar kwana. Ba na mantawa da yadda muka koma bayan hutu muka tarar da gadaje biyu babu masu su a ɗakinmu, na uku kuwa mai shi ya dawo, amma sai da hannu ake yi masa magana.

A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba ce, amma abin ya bar tabo a zukatan jama'a. In wani uba ya nuna shakka a yau, kada malami ya yi masa kallon jahili. Bayani yake bukata, ga shi kuwa.

HANYOYI UKU NA YIN RIGAKAFI

Allah ya halicci jikin mutum da dakarunsa na tsaro a cikin jini. In suka taɓa gamuwa da wata ƙwayar cuta suka shaida ta, to, ran da ta dawo za su far mata tun ba ta zauna ba. Aikin allurar rigakafi shi ne ta gabatar musu da abokin gaba tun kafin ranar yaƙi.

Hanya ta farko, a ɗauki ƙwayar da ranta a raunana ta, kamar allurar tarin fuka da ake yi wa jariri a kafaɗa. Ta biyu, a kashe ƙwayar a ba da gawarta ɗungum, kamar yadda aka daɗe ana yi da ta tarin shiƙa. Ta uku, wadda ita ce maganarmu, a ɓalle yanki ɗaya kaɗai na jikin ƙwayar, wanda dakarun jiki ke shaida ta da shi, a tsarkake shi, a zubar da sauran. Tun da babu ƙwaya mai rai a ciki, wannan allura ba ta da ikon sa wa mutum ciwon da ake gudu. Wuyar aikin ita ce sanin yankin da za a zaɓa, da yadda za a sa jiki ya kula da shi.

Ita ƙwayar sanƙarau tana sanye da wata riga mai santsi, wadda aka saƙa da wani irin sukari mai dogon zare. Da wannan riga take kuɓuce wa dakarun jini. Rigar kuwa ba iri ɗaya ba ce, da ita ma ake rarrabe dangin ƙwayar, aka sa musu sunayen haruffa. Shida ne masu yawan ɓarna: A, B, C, W, X da Y. Wanda jikinsa ya shaida mai riga A bai shaida mai riga C ba. A ƙasarmu, tun daga farko har zuwa 2010, mai riga A ce ke kawo mafi yawan annoba, har da ta 1996.

ALLURA TA FARKO DA GAZAWARTA

A 1969 Emil Gotschlich da abokan aikinsa, a wata cibiyar binciken sojan Amurka, suka gano yadda za a tuɓe wannan riga a tsarkake ta ba tare da zarenta ya tsittsinke ba. Da aka yi wa mutane allura da ita, jininsu ya yi makamin da ke kama ƙwayar. Ƙasarmu ma ta sa hannu cikin wannan ilmi, gama Brian Greenwood, likita ɗan Ingila wanda ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1970, ya yi nazarin sanƙarau da rigakafinsa tare da abokan aikinsa a Zariya, musamman lokacin annobar 1977.

Wannan allura ta ceci rayuka masu yawa, amma tana da aibi uku. Ba ta kama jikin yaran da ba su kai shekara biyu ba sosai. Ƙarfinta yakan dushe bayan kamar shekara uku. Kana ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro, watau wanda aka yi wa yana iya tsira, amma ya ci gaba da rarraba wa maƙwabta. Don haka ba a yin ta sai annoba ta riga ta tashi: a ƙidaya marasa lafiya, a aika da rahoto, a jira allura ta iso daga ƙetare. Sau da yawa kafin ta iso an riga an cika maƙabarta, hadarin damina kuma ya haɗo.

Dalilin wannan gazawa ma'aikacin ofis zai fi kowa saurin gane shi. A cikin jini akwai dakaru masu ƙera makami, akwai kuma waɗansu masu ba da umarni a ajiye labarin abokin gaba don gaba. Su waɗannan na biyu ba sa karanta sukari, furotin kaɗai suke karantawa. Rigar sukari ita kaɗai kamar wasiƙa ce da ta zo ofis babu hatimi: akawu zai duba ta, watakila ma ya yi abin da ta ce yau, amma ba zai buɗe mata fayil ba.

ƊAURA SUKARI DA FUROTIN

Dabarar sanya hatimin tsohuwa ce. Tun 1929 Oswald Avery da Walther Goebel suka nuna a birnin New York cewa in aka ɗaure sukarin ƙwaya da furotin, jiki yakan karɓe shi da muhimmanci. Sai bayan shekara hamsin da ɗoriya aka mai da wannan ilmi allura, ta hannun masana irin su John Robbins da Rachel Schneerson. A 1987 aka fito da irinta ta farko, don wata ƙwaya dabam mai sa wa jarirai sanƙarau. A 1999 Ingila ta fara yi wa 'ya'yanta irin wannan allura don mai riga C. Ɗaya daga cikin furotin ɗin da ake ɗaurawa shi ne dafin tetanas, ciwon nan mai sarƙe haƙora, bayan an kashe masa guba sarai. Allurar haɗi tana kama jikin jariri, tana daɗewa, kuma tana share ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda ba a yi wa ba ya sami inuwa.

Sai dai manyan kamfanoni ba su ga riba cikin yin ta don mai riga A ba, domin masu bukatarta talakawa ne. Bayan bala'in 1996 shugabannin lafiya na Afirka suka kai kuka ga Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2001 hukumar ta haɗa kai da wata ƙungiya mai suna PATH, Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70, aka naɗa Dokta Marc LaForce ya shugabanci aikin. Da aka tambayi jami'an Afirka, suka ce in kuɗin allura ɗaya ya wuce santi 50 na dalar Amurka, ƙasashensu ba za su iya saye ba. Aka ɗauki wannan farashi ya zama sharaɗi tun kafin a fara.

Aka rarraba aikin. Wani kamfani a Amsterdam ya fara samar da sukarin riga A. Masana biyu na hukumar kula da magunguna ta Amurka, Carl Frasch da Robert Lee, suka ba da sabuwar hanyar ɗaurin. Kamfanin Serum Institute da ke birnin Pune na Indiya ya ɗauki nauyin haɗawa a kan farashin da aka yanka. Aka gwada ta a Indiya, da Mali, da Gambiya, da Sanagal, da Gana, mataki bayan mataki, da yardar waɗanda aka yi wa ko iyayensu. Aka sa mata suna MenAfriVac.

Ran 6 ga Disamba, 2010, aka fara yi wa jama'a a Barkina Faso, Mali da Nijar suka biyo. Nijeriya ta fara a ƙarshen 2011, Jigawa kuwa tana cikin jihohin farko. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda sun tsaya a layi a lokacin, ko sun tsai da ɗalibansu, gama duk mai shekara 1 zuwa 29 aka kira. A ƙasar Cadi an auna sakamakon: a lardunan da aka yi allurar, sanƙarau ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 in aka gwada da inda ba a kai ba tukuna. An kuma tabbatar tana jure zafi har digiri 40 na kwana huɗu ba firiji, abin da aka fara aiki da shi a Jamhuriyar Benin a 2012. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukanmu ya san darajar wannan. Fiye da mutum miliyan 350 aka yi wa a Afirka, annobar mai riga A kuwa ta ɓace daga yankin. A 2019 Nijeriya ta sa allurar cikin jerin waɗanda ake yi wa kowane yaro ɗan wata tara.

SAURAN DANGI SUN TASO

Murna ba ta daɗe ba sai sauran dangi suka nuna kansu. Dama mai riga W ta ɓulla a aikin Hajjin 2000, ta yi ɓarna a Barkina Faso a 2002, ana kuma bukatar maniyyaci ya yi allurar sanƙarau kafin ya tashi. Mai riga X ta addabi Nijar a 2006. Sa'an nan wata sabuwar mai riga C ta ɓullo a ƙasar Sakkwato a 2013, ta auka wa Nijar a 2015. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ta kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu a Zamfara da Sakkwato.

Daga nan ta matso gida. Tsakanin Oktoba 2022 da Afrilu 2023 an sami mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, wajen kashi uku cikin huɗu a Jigawa, musamman Maigatari da Sule Tankarkar da ke kan iyaka da ƙasar Damagaram. A ranin da ya biyo, daga Oktoba 2023 zuwa Maris 2024, mutum 153 suka rasu a jihohi bakwai, ciki har da Jigawa, da Bauchi maƙwabciyar Gwaram, da Yobe, inda ciwon ya shiga makarantun kwana na wajen Potiskum.

Masana ba su yi barci ba. PATH da Serum Institute, da kuɗin Gwamnatin Ingila, sun yi shekara 13 suna haɗa allura guda mai ɗauke da riga biyar: A, C, W, Y da X, kowace an ɗaure ta da furotin. An gwada ta a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yuli 2023. Sunanta MenFive, waɗansu kuma suna ce mata Men5CV. A watan Maris 2024, Farfesa Muhammad Ali Pate, mutumin Misau, yana Ministan Lafiya, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi wa jama'arta ita. Kason farko, allura miliyan ɗaya da 'yan kai, an nufi ƙananan hukumomi shida na Jigawa da shi: Babura, Birniwa, Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar.

Mai karatu zai ce ina riga B? Ita tata dabam ce, domin sukarinta ya yi kama da wani abu da ke jikin ɗan Adam, don haka dakarun jini ba sa ɗaukarsa baƙo. Sai da Rino Rappuoli da mutanensa a birnin Siena na Italiya suka karance dukan bayanin halittar ƙwayar, suka zaɓo waɗansu furotin na jikinta, aka yi allura da su, Turai ta amince da ita a 2013. Mai riga B ta fi damun Turawa, ba ta cika tasowa a yankinmu ba.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Ku lura, jama'a, ƙananan hukumomin nan shida duk na arewacin jiha ne, domin allurar gaggawa inda wuta ta tashi ake kai ta. Mu na kudu kada mu ɗauka an gama da mu, kada kuma wanda aka yi wa ta 2011 ya zaci ta tsare shi daga mai riga C. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga malamin makaranta, ya tambayi iyaye katin rigakafi sa'ad da ake ɗaukar sababbin yara, ya tuna wa wanda ke da jariri allurar wata tara. Ya duba ɗakunan kwana, a buɗe tagogi, a rage cunkoso, ya kuma ba malaman makarantun allo wannan shawara cikin ladabi. In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya ga saye-sayen ƙwayoyi. A kai shi asibiti mafi kusa nan take, gama allurar warkarwa tana aiki in an yi ta da wuri. Wanda ya warke kuma a gwada jinsa, a zaunar da shi a gaban aji.

Ga ma'aikacin ofis, ya sani rahotonsa shi ne matakin farko. Ba a aiko da allurar gaggawa sai an ga ƙidaya, an kuma gwada ruwan laka an san irin rigar da ta zo. Takardar da ta kwana mako a kan tebur tana iya zama sanadin rasa yara da yawa. Ran da masu allura suka zo, a sanar da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai tun da wuri, a bi rugagen Fulani da ƙauyukan bakin iyaka.

Wanda ya tambaye ku abin da ke cikin allurar, ku gaya masa gaskiya: zaren rigar ƙwayar ne da aka ɗaure da furotin, babu ƙwaya mai rai a ciki. Wurin allurar yana iya yin ciwo, jiki ya ɗan yi zafi kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya wuce.

Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2020 za su kawar da annobar sanƙarau kafin ƙarshen 2030. Daga ranar da aka fara ganin ƙwayar a madubi zuwa ranar da allura mai riga biyar ta iso Jigawa, shekara 137 ke nan, masana na ƙasashe da yawa suna miƙa wa juna aikin. Daga asibitin Gwaram zuwa gidan da ke ƙarshen Maruta kuwa, wannan tafiya tamu ce. Allah ya tsare mana zuriya, ya sa mu ga damina lafiya. Haza wasalam.